Ranar da Na Fassara "Da Sauƙi"

Karatun tattalin arziki ne ya kai ni Lyon, amma wankan tsofaffi ne ya zaunar da ni. Na gama jami'a a Bron, na yi wata da watanni ina aika takardun neman aiki, ana mayar mini da amsa cikin ladabi mai yawa, ladabin da in ka tace shi babu abin da ke ciki sai "a'a". Da na gaji, wata 'yar garinmu ta ce akwai gidan kula da tsofaffi a Rillieux-la-Pape, nan gefen Lyon, da ke neman ƙarin hannu. Na ce to, in yi wata uku kafin na ofis ya samu. Wata ukun nan ya miƙe har na yi horon aikin na karɓi takardarsa, kuma abin mamaki, na tarar ina son aikin. Mahaifiyata a Damagaram dai abin da ta sani shi ne 'yarta tana aiki "wajen likita", ban kuma gyara mata ba sai da aka daɗe.

A hawa na biyu aka sa ni, aikin safe. Mu biyu ne a doguwar barandar nan: mu tashe su, mu yi musu wanka, mu sa musu kaya, mu zaunar da su gaban karin kumallo, duk kafin rana ta ɗaga. Abokiyar aikina ta daɗe a gidan, ma'aikaciya ce ta dindindin. Ni kuwa kwantaragin ɗan lokaci gare ni, wanda ake sabuntawa in kuɗi ya ba da hali, kuma takardar zamana a ƙasar tana rataye da shi. Waɗanda suka riga ni sun ba ni labarin lokacin da mutum ɗaya ke riƙe da hawan nan da safe. A goge fuska, a goge hannu, a zura riga, a wuce ɗaki na gaba, tsoho yana magana ana jan ƙofa. Da muka zama biyu sai aka sami sararin ƙananan abubuwa. Akwai wadda ba ta fitowa sai an shafa mata jan baki, akwai wanda sai ya ba ka labarin karensa da ya mutu kafin ya yarda ya ɗaga hannu a cire masa riga. Duk muna yi musu, ba mai kallon agogo sosai.

Wata safiya ina tura keken tawul sai na ji daga wani ɗaki an ce, da Hausa tsantsa, "Ke baiwar Allah, ruwan nan ai sai ya kashe mutum da sanyi." Na tsaya cak. Na leƙa. Wata tsohuwa ce fara, siririya, da tabarau, tana zaune a kujera mai taya tana yi wa abokiyar aikina faɗa, ita kuma tana ta murmushi tana gyaɗa kai don ba ta jin ko kalma ɗaya.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar wane gari ce ke?"

"Damagaram, Hajiya."

"Innalillahi. Duk faɗin ƙasar Turawan nan, a rasa wadda za a haɗa ni da ita sai 'yar Damagaram."

"Ke fa, Hajiya?"

"Ba ki ji Hausa mai kyau ba? Kano."

Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san magana ta ƙare, na yi kaka.

Ɗanta na fari ne ya kawo ta ƙasar, injiniya, bayan ɓarin jikinta na hagu ya shanye. An yi magani, baki ya dawo garau, hannu da ƙafa kuwa suka ƙi. Gidansa a sama yake, sai an hau matakala, shi da matarsa kuma duk suna fita aiki, don haka ya sama mata ɗaki a wurinmu yana zuwa kullum da yamma. Sai kamfaninsu ya mayar da shi Paris. Ya nemi gurbi a can ya rasa, dole ya bar ta a nan, yana biyo jirgin ƙasa duk mako biyu da jaka cike da kuka da daddawa da goro. Mutum ne mai furfura a gemu, amma a bakin Hajiya "yaron nan" ne, don ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Hannun da ya mutu kuwa kullum yana ƙarƙashin mayafi, ko shi ɗan bai cika ganinsa ba.

Ni na zama bakinta da kunnenta a gidan. Ni ke yi mata wanka, da ruwa mai ɗumi yadda take so, ina rufe inda ban kai ba da zane. Na sayo mata buta da roba, kafin in tashi aiki kuma in taya ta alwalar azahar. Ladana shi ne tsiya. In na ce "lahiya lau" ta ce in buɗe baki in ce "lafiya" kamar mutane. In ta ce a kira mata nas, ni kuma in ce ban san wannan ba, mu majo muka sani. Ran da na ce mata ana kirana a biro, wato ofis a bakinmu, ta yi dariya har da tari.

"A Kano da biro rubutu ake yi. Ku kuma shiga cikinsa kuke yi ku zauna? Allah ya kyauta."

Yanzu sai in faɗi inda karatuna ya yi mini rana, domin a cikin masu wanka ni na fi kowa damuwa da sanin daga ina albashinmu yake fitowa. Ɗaki da abinci, tsoho ko iyalansa ke biya. Kuɗin jinya kuwa, wanda da shi ake ɗaukar ma'aikatan jinya da irinmu, daga asusun inshorar lafiya na gwamnati yake zuwa, kuma yawansa ya danganta da yawan taimakon da mutanen gidan suke buƙata. An kasa tsofaffi mataki shida. Na shida shi ne mai yi wa kansa kusan komai, na ɗaya kuwa wanda komai sai an yi masa. Likitan gida ke cika takardar kowa, bayan 'yan shekaru kuma hukuma ta aiko nata likitan ya zari wasu takardun, ya shiga ɗakuna ya gani da idonsa. Abin da ya amince da shi, a kansa za a yanke kuɗin gidan na shekarun da ke tafe. A taƙaice, gwargwadon gazawar tsofaffinmu a takarda, gwargwadon hannayen da za a ba su.

A shekarar da za a zo dubawa, tsohon likitan gidan ya yi ritaya, aka kawo sabo wanda bai san kowa ba. Ya bi ɗaki-ɗaki da takardunsa. Da ya zo kan Hajiya aka kira ni tafinta. Na gyara tsayuwa, ina jin kaina, yau ga ranar masu harshe biyu.

Ya tambaya yaya take jin jikinta.

"Da sauƙi, alhamdulillahi," in ji Hajiya.

"Ça va mieux," na ce masa, wato ta ji sauƙi. Ya rubuta.

Tana cin abinci da kanta? "Ina taɓawa." Na ce masa tana ci. Tana iya tashi daga gado? "Da ikon Allah." Na ce masa tana tashi. Wanka fa, da shiga bayi? Nan Hajiya ta ɗaga kai tana kallon silin, ta ce, "Ki ce masa mun gode Allah." Ni kuma, da na wanke ta da hannuna da safiyar nan, na ce masa babu matsala ta wannan wajen.

Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na fi kowa sanin "da sauƙi" ba labarin jiki ba ne. A unguwarmu na ji wanda ya ce da sauƙi da hantsi, aka kai shi makwancinsa da la'asar. Amsar gaisuwa ce, da godiya ga Allah, da hanyar ce wa mai tambaya ya kwantar da hankalinsa. Amma na ɗauki kalmar yadda take na miƙa wa Bature, shi kuma ya ɗauke ta a maganar asibiti. Kuma in zan faɗi gaskiya, ba fassara kaɗai ta kayar da ni ba, har da kunya. Ba zan iya tsayawa a gaban sa'ar kakata in ce wa namiji ni nake mata tsarki ba, ko da a harshen da ba ta ji.

Bayan kwana biyu babbar majo ta kira ni biro. Mace ce mai jiki da saurin dariya, amma ran nan dariyar rabi ce. Ta juyo mini da takardar.

"Ina taya ki murna, kin warkar da ita. Bisa ga abin da ke nan, gobe ma sai ta ɗauki jakarta ta hau bas."

Ta ce za su gyara, amma gyara ba ya goge abin da aka riga aka rubuta. Yanzu takardar Hajiya tana magana biyu, kuma irinta likitan hukuma ke fara zara. In ya shiga ya ji daga bakinta cewa lafiyarta ƙalau, zai ɗauka gidan yana ƙara wa tsofaffi ciwo don a ƙara masa kuɗi, sai ya bi sauran takardun hawan da jan alƙalami. In kuɗin ya ragu, ta ce tana kallon tebur, gurbin mutum na biyu na aikin safe ne zai fara tafiya. Ba ta ce nawa ba ne, ba sai ta ce ba.

Washegari ina taje wa Hajiya kai na fara yi mata bayani, a hankali, tun daga matakan nan shida. Ta saurara har ƙarshe.

"Tsaya in gane. Wato in na ce na fi lalacewa, sai gwamnati ta fi biya?"

"Kusan haka ne, Hajiya."

"Ikon Allah! A kasuwar shanu ta Wudil mai ƙiba ake saya da tsada. Nan kuma ramammiya ce mai daraja." Ta yi dariya har tabarau ya zame. "To ai sai ku kwantar da mu duka ku shafa mana toka a fuska."

"Ba ƙarya za ki yi ba. Gaskiya kawai za ki faɗa, abin da kike iyawa da wanda ba ki iyawa."

Dariyar ta ɗauke.

"In dubi namiji baƙo, sa'an jikana, in ce masa ba na iya kama ruwa da kaina? Ke a gidanku haka aka koya miki? Allah ya bar mini ido, ya bar mini baki, ya bar mini hankali. In zauna ina jera wa Bature abin da ya karɓa? Wannan ai butulci ne."

Ina da saurin fushi, kowa ya sani a gidanmu. Na ajiye matajin da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, na ce to shi ke nan. Abin da ban faɗa mata ba shi ne aikina ne ke tangal-tangal. Na ga in na faɗa, kamar na ce ta sayar da mutuncinta ne ta saya mini abinci.

Ranar Asabar ɗin na tafi Paris sayen atamfar ankon bikin wata ƙawata. A cikin jirgi na yanke shawarar kiran ɗan Hajiya. Ya ce ai yana Château Rouge, unguwar da ake sayar da kayan Afirka, yana yi mata sayayya, mu haɗu a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na fito na tarar da shi tsaye tsakanin masu sayar da dafaffiyar masara da masu kiran mata zuwa kitso, leda a kowane hannu, warin daddawa ya riga shi isowa. Muka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da ta matarsa da yara da sanyin Lyon. Sannan na zayyana masa zancen takardar, na roƙe shi ya yi mata magana.

Ya sauke ledojin a ƙasa.

"Malama, ni in ce wa Hajiya me? In buɗe baki in yi mata zancen wankanta? Matar da tunda ta haife ni ban taɓa jin ta kira sunana ba? Ko ya jiki na ce, da sauƙi take ce mini, ni ma in ce Allah ya ƙara sauƙi, mu koma hirar mutanen gida. Wallahi zan iya tsayawa gaban manyan kamfaninmu in yi musu gardama, amma wannan kam ba zan iya ba."

Nan halin nawa ya motsa, na manta a titi nake. Na ce masa to ya ji da kyau, in takardar nan ta faɗi, ni za a sallama, mahaifiyarsa kuma za ta koma hannun mutum ɗaya mai ɗakuna fiye da ƙarfinsa, wanda bai san alwala ba, bai san "ruwan ya yi sanyi" ba, ta yi ta magana da bango. Na ce ku ci gaba da kunyarku, ku biyun. Wata mai masara ta daina kiran ciniki tana kallonmu. Ya ɗauki leda ɗaya, ta goron, ya miƙo mini ya ce in kai mata, ya kuma yi mini godiya, abin da ya fi zagi yi mini zafi. Na koma Lyon da atamfa da goro da nadama.

Litinin da safe na shiga ɗakinta da sallama.

"Kin tashi lafiya?" in ji Hajiya.

"Lahiya lau."

"Ya aiki?"

"Aiki da godiya."

"Maƙaryaciya."

Na tsaya da tawul a hannu.

"Yaron nan ya kira ni jiya. Ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, da ƙyar ya fito da ita. Ashe korar ki za a yi. Kin zo kina mini wa'azin in faɗi gaskiya, ke kuma kullum lahiya lau, lahiya lau, ko faɗarta ba ki iya ba."

Na ce ban so in ɗora mata nauyi ba. Ta ce nauyi kuma na nawa, ita da ake ɗagawa safe da yamma kamar buhun gero. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ke nan za ta yi magana in likitan ya zo.

"A'a. Bakin nan ya tsufa da godiya, ba zai koyi ƙorafi yanzu ba. Miƙo goron."

Na miƙa. Na fita na fara tunanin inda zan kai takardun neman aiki.

Ranar dubawa gidan ya zama kamar ranar salla. Ashe ba Hausawa kaɗai ke da wannan ciwon ba. Wani tsohon direban bas da ke ɗakin farko, wanda sai mun yi da gaske yake yarda a aske masa gemu, ya sa aka fito masa da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya shaida wa likita cewa kullum da ƙafa yake zuwa kasuwa. Abokiyar aikina tana bayansa tana girgiza kai har na ji tausayin wuyanta. Amma shi aƙalla likitan yana jin harshensa, tambaya biyu ya yi masa ya gane rabonsa da kasuwa an daɗe.

Likitan hukumar saurayi ne dogo mai sanyin murya, takalminsa a jiƙe da ruwan sama. Sai wajen azahar ya iso ɗakin Hajiya, takardarta a sama kamar yadda babbar majo ta faɗa. Hajiya ta yafa mayafinta mai kyau, ta shafa turare, tana zaune a kujerarta tana jiran baƙo. Ya gaishe ta, ya tambayi jiki.

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na ce masa kalmar tana nufin an ji sauƙi, amma a wurinmu amsar gaisuwa ce, mai mura da mai shirin barin duniya duk ita suke faɗa, kuma ni ce na yi kuskure a karon farko. Ya saurara da kyau. Ya ce ya fahimta, amma in dubi matsayinsa. Matar ta ce ta ji sauƙi har sau biyu, wadda ke cewa ba haka ba ne kuma ma'aikaciyar gidan ce. Yana buƙatar wani abu ban da maganata.

"Me yake cewa?" in ji Hajiya.

Na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta kalli takalminsa. Sannan ta dubi agogon bango.

"Azahar ta yi. Ɗauko buta da roba ki ajiye nan. Ki ce masa ya zauna. Ke kuma koma bakin ƙofa ki tsaya, in kika taɓa ni ban yafe ba."

Na ajiye, na koma. Ta ture mayafin da hannun dama, ta kamo na hagun ta fito da shi ta ɗora a cinya, siriri, a lanƙwashe, yatsun a dunƙule. Ta yi bisimilla. Ta karkata butar ta zuba a kan mataccen hannun, wannan ya yiwu. Saura na daman, wanda babu mai zuba masa. Ta matse butar tsakanin gwiwarta da ƙarfen kujera, ta tura ta da gwiwar hannu, butar ta kife, ruwa ya bi zanenta ya malale a ƙasa. Likitan ya yunƙura zai tashi.

"Zauna!" ta ce masa, da Hausa. Ya zauna.

Ta ɗebi ɗan abin da ya taru a robar ta shafa fuska, rabin fuskar. Ɗankwalin ya zame, ta kasa mayar da shi. Ta sunkuya za ta kai ga ƙafa, jikinta ya tafi gefe ɗaya sai da ta damƙi kujerar, ta ɗago tana haki, ta sake gwadawa. Ina bakin ƙofa, hannuwana a baya, na riƙe ɗaya da ɗaya don kada su tafi da kansu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da ta tabbata ya gani, ta jingina, furfurarta a waje, zane sharkaf, ta dube shi ido cikin ido.

"Da sauƙi," ta ce. "Yanzu fassara masa."

Ya ce ba sai na fassara ba. Ya yi ɗan rubutu, ya miƙe, ya rusuna mata, ya tsallake ruwan ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Na durƙusa da tsumma ina goge ƙasa, hawaye suna zuba.

"In kuka za ki yi, yi shi a kan tsumman, ƙasar nan ruwan da ta sha ya ishe ta," in ji ta. Tsiyar dai tana nan. "Ko mahaifin yaron nan bai taɓa ganin na kasa ba. Sai yau, gaban baƙo, saboda 'yar Damagaram. Kada yaron ya ji."

Na canza mata zane, na ɗaura ɗankwalin, na ɗebo ruwa mai ɗumi muka yi alwalar tun daga farko. Lokacin tashina ya wuce, na zauna har ta idar da salla. Ran nan na so tsohuwar nan so mai tsanani, na kuma ji kunyar abin da aikina ya ci mata.

Sai da aka yi makonni kafin amsa ta zo. Babbar majo ta tare ni a baranda, dariyarta ta dawo cikakkiya, ta ce an amince da takardun hawanmu, in zo in sa hannu a sabon kwantaragi. Ban je ba tukuna, ɗakin Hajiya na nufa da gudu, har na manta sallama, sai da ta mayar da ni waje na sake shigowa.

"An bar ni, Hajiya! Ina nan."

"To, Allah ya sa alheri. Na ga ta kaina, ba rabuwa da ke." Ta gyara tabarau. "Ni kuma fa? A wane aji suka sa ni?"

"Mataki na biyu."

"Na biyu? Duk wahalar nan da na sha, da zanena da ya jiƙe? Wa ya zo na ɗaya?"

Na yi dariya, sai kuma na tuna ko wace ce. Na ce matar ɗakin da ke ƙarshen baranda ce, wadda ba ta tashi, ba ta magana, ba ta gane 'ya'yanta in sun zo. Hajiya ta san ɗakin, kullum ta ƙofarsa nake wucewa da ita zuwa wurin cin abinci.

"To, a bar mata," ta ce. "Gyara mini mayafin nan ki tura ni, in je in yi mata sannu."

Na ce matar ba ta jin Hausa, Faransancin ma yanzu ba ta ji.

"Na ce ki fassara ne? Tura ni kawai."

Na kwance birkin kujerar, muka fita.